Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Sharhi Kan Gansakuka a Tafkunan Kifi da Kogin Wudil

Wudil garin ruwa ne. Kogin da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar garin, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ruwan Kogin Kano ne da na Challawa da suka haɗe a wajen Tamburawa, suka gangaro nan, sannan su nausa Haɗeja. Da shi masunta ke ci, da shi manoman rani ke ban-ruwa, kuma a gaɓarsa ake shayar da shanun da ake kawowa kara ranar Juma'a. A shekarun baya-bayan nan wata sana'a ta ƙaru a kan su na gargajiya, wato kiwon tarwaɗa a gida. Wani ya haƙa rami a bayan gari, wani ya gina tankin siminti, wani kuma ya kafa na tamfol a tsakar gida. Duk wanda ya shiga harkar, ba ya wata biyu sai ya zo da tambaya guda: ruwana ya koma kore shar, wane magani zan zuba?

Tambayar da ta fi amfani ita ce: me ya shiga ruwan? Gansakuka ba ta yawaita sai ta sami abinci fiye da kima, da rana, da ruwan da ba ya motsi, sannan ta rasa mai cin ta. Wanda ya kashe ta ya bar waɗannan abubuwa huɗu yadda suke, to ya jira dawowarta cikin 'yan kwanaki.

Ba duka ce abokiyar gaba ba

Abin da muke haɗawa mu kira gansakuka ya kasu aƙalla gida uku. Na farko ƙananan tsirrai ne da ido ba ya iya rarrabe su, suna yawo a cikin ruwa suna ba shi launin kore mai haske. Wannan alheri ce idan ba ta wuce gona da iri ba. Tana samar da iskar oksijin da rana, tana tsotse dattin da kifi ke fitarwa, kuma ƙananan halittun ruwa da 'ya'yan kifi ke ci a kanta suke rayuwa. Shi ya sa masu renon 'ya'yan kifi a ramin ƙasa kan zuba kashin kaji da gangan kafin su saka kifi, don ruwan ya yi ɗan kore.

Na biyu ita ce mai zare, wadda ke kama bangon tanki da ƙasan rami, ta yi dogayen silili masu santsi, daga baya ta taso sama ta yi tabarma. 'Ya'yan kifi kan sarƙe a cikinta su mutu, tana riƙe abincin da aka watsa ya ruɓe, kuma ranar kamu tana cika koma da nauyi.

Na uku ita ce abar tsoro. Tana taruwa a saman ruwa kamar an zubar da koren fenti, wani lokaci da shuɗi-shuɗi a gefe, iska ta kora ta kusurwa guda, ga ɗoyi. A wurin masana wannan ba tsiro ba ce, dangin bakteriya ce mai amfani da hasken rana, kuma wasu nau'o'inta na fitar da guba mai lalata hanta. Ita ce kuma ke sa naman kifi warin taɓo, wanda mai saye kan ji da cizon farko, ya ƙi dawowa. Amma ko a wannan dangi akwai na kirki. Matan Kanembu da ke gefen Tafkin Chadi sun daɗe suna tace wani nau'i daga tafkunan kanwa, su shanya shi a kan yashi ya zama waina, su yi miya da shi. Shi ne sifirulina da ake sayarwa a shagunan Turai da tsada.

Darasi daga akwatin gilashi

Babu waɗanda suka ƙure nazarin wannan matsala a ƙaramin wuri kamar masu kiwon murjani a gida. A Turai da Amurka da Japan akwai masu sha'awar ajiye akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, gram 35 na gishiri a kowace lita kamar na teku, su sa murjani mai rai da kifaye masu launi. Murjani dabba ce, kuma a cikin jikinta akwai wata ƙaramar gansakuka da ke ciyar da ita daga haske. Don haka dole mai akwatin ya kunna fitila mai ƙarfi awa takwas zuwa goma a rana. Wannan hasken kuwa shi ne abin da gansakuka mai ɓarna ke nema. Da ta sami ɗan abinci sai ta lulluɓe duwatsu, ta hau kan murjanin da aka saya da tsada, ta tare masa haske ya mutu.

Su ba su da damar zuba guba, domin sinadarin tagulla da ke kashe gansakuka yana kashe murjani da dodon koɗi tun kafin ya gama da ita. Rashin wannan dama ne ya tilasta musu koyon hanyar da ta dace. Suna tace ruwan famfo sarai kafin su haɗa shi da gishiri. Suna auna abincin kifi daidai da abin da zai cinye nan take. Suna canza kashi goma cikin ɗari na ruwan a kai a kai, suna gwada yawan naitrojin da fosfaros da 'yan kwalaben gwaji. Suna saka dodon koɗi da ƙaguwa da kifaye masu kiwon gansakuka su yi musu shara. Wasu ma kan ware ƙaramin tanki a gefe su shuka wata ciyawar teku da gangan, ta shanye abincin da ke cikin ruwa, su riƙa yanke ta suna zubarwa. Dabarar duka ɗaya ce: a rage abin da ke shiga, a ƙara abin da ke fita.

Teku ma ta tabbatar da haka. A 1983 da 1984 wata annoba ta kashe kusan dukan wata bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi a yankin Karebiyan, wadda ita ce babbar mai cin gansakuka a can, bayan an riga an kame kifayen da ke taya ta. A gaɓar Jamaika, murjanin da a da ya rufe kusan rabin ƙasan teku ya koma ƙasa da kashi biyar cikin ɗari, gansakuka ta mamaye sama da kashi casa'in.

Daga ina abincinta ke zuwa?

A tafkin kifi amsar tana cikin buhun abinci. Abincin tarwaɗa na kanti yana ɗauke da furotin kashi arba'in ko fiye, kuma furotin cike yake da naitrojin. Abin da ke zama tsoka a jikin kifi daga wannan naitrojin bai fi kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Sauran duk ruwa yake komawa, ta kashi, ta amoniyar da kifi ke fitarwa ta matsefin kunnensa, da ta ƙwayoyin da suka nutse ba a ci ba. Fosfaros ma haka. Ke nan duk buhun da aka juye wa kifi, mafi yawansa taki ne aka zuba wa gansakuka. Idan aka ƙara da kayan cikin kaji da mushe da wasu ke jefawa don rage tsadar abinci, lamarin ya ninka.

A cikin sinadaran biyu, fosfaros ne ya fi riƙe linzamin gansakuka a ruwan daɗi. Wani masani ɗan Kanada, David Schindler, ya nuna haka a fili a 1973 a lardin Ontariyo. Ya raba wani tafki biyu da labulen roba, ya zuba naitrojin da kabon a ɓangarorin biyu, ya ƙara fosfaros a ɓangare ɗaya kawai. Wancan ɓangaren ya koma kore kamar miyar kuka, ɗayan ya zauna garau. Hoton da aka ɗauka daga sama ya taimaka wajen sa gwamnatoci da dama taƙaita fosfaros a garin sabulun wanki.

Sauran sharuɗɗan kuwa ƙasarmu ta tanade su kyauta. Rana ba ta yanke mana, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 a ƙasar Kano. Tankin tamfol da ke tsakiyar fili, ruwansa bai kai ƙugu ba, ba ya gudu, babu mai cin ganye a ciki tunda tarwaɗa ba ta damu da gansakuka ba, ya cika duk sharuɗɗan nan huɗu.

Abin da ke faruwa kafin asuba

Mai kiwo kan duba tafkinsa da la'asar ya ga kifi na wasa, ya kwanta da kwanciyar hankali, da safe ya tarar da asara. Dalili shi ne gansakuka fuska biyu gare ta. Da rana tana zuba oksijin a ruwa har ya yi yawa. Da rana ta faɗi sai ta daina, ta koma shaƙar iskar tare da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da datti a ƙasa. Iskar tana raguwa dare duka, ta kai ƙarshen ƙarancinta daf da kiran assalatu. Ruwan zafi kuma dama ba ya riƙe iska sosai: lita guda a digiri 20 tana ɗaukar kusan miligram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kusan 7.5. Kifi na son ya samu 5 ko fiye.

Wanda ya leƙa tafki mai kauri da fitila a wannan lokaci zai ga karfasa sun taso sama gaba ɗaya, bakunansu a buɗe suna lasar fatar ruwa, ko an buga ƙafa ba sa nutsewa. Tarwaɗa ta fi su dabara, domin tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Wannan baiwa ce ke yaudarar mai ita. Kifin ba ya mutuwa, amma yana rage ci, girma ya tsaya, gyambo ya fito a fata, gashin baki ya fara gutsurewa, a yi ta sayen magani ana zargin mai ƙyanƙyasa ko kamfanin abinci.

Da la'asar ma akwai wani haɗari. Gansakuka mai yawa tana shanye iskar kabon, ruwan ya karkata zuwa kanwa-kanwa, ma'aunin tsami da kanwarsa, wato pH, ya haura 9. A wannan yanayi amoniyar da ke cikin ruwa takan juye zuwa siffarta mai guba, ta ƙone matsefin kunnen kifi. Mafi muni shi ne ranar da gansakukar ta mutu gaba ɗaya. Hakan kan faru a damina, musamman a Agusta, idan hadari ya rufe rana kwana biyu ko uku. Ruwan da ke kore jiya sai ya wayi gari ruwan ƙasa ko baƙi, yana wari, ruɓewarta ta cinye sauran iskar cikin sa'o'i kaɗan.

Me ya sa maganin zubawa ba ya raba gardama

Akwai sinadarai masu kashe gansakuka, mafi shahara shi ne wani shuɗin gishiri mai tagulla. Yana aiki, amma da sharri uku. Na farko, tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe gansakuka da wanda ke kashe kifi ƙarama ce, kuma ta danganta da irin ruwan, abin da mai kiwo ba zai sani ba sai da gwaji. Na biyu, kashe ta a lokaci guda daidai yake da jawo wa kai waccan mutuwar ta damina da hannu. Na uku, idan mai gubar ce, fashewar ƙwayoyinta na sakin gubar cikin ruwa gaba ɗaya. Bayan duk wannan, gawar tata tana ruɓewa ta mayar da naitrojin da fosfaros inda suka fito, sabuwa ta tsiro a kansu. Maganin ciyawa na gona kuwa, wanda wasu ke gwadawa, bai kamata ya kusanci ruwan da za a ci kifinsa ba.

Abin da ke aiki

Ma'auni na farko yana jikin mai kiwon. Ya tsoma hannu a ruwa da hantsi, tafin yana kallon sama. Idan ya daina ganin tafinsa daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, wato santimita 30 zuwa 40, koren ya yi daidai. Idan tafin ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu da yawa ba, gansakuka ta yi kauri, a rage abinci a canza ruwa. Idan kuma har hammata ana ganin yatsu a ramin renon 'ya'yan kifi, ruwan ya yi fari da yawa.

Sai ciyarwa. A watsa kaɗan-kaɗan a tsaya ana kallo, da kifi ya rage hanzari a dakata. Abin da ya rage yana yawo bayan minti goma sha biyar asara ce biyu, ta kuɗi da ta ruwa. Ranar da hadari ya rufe, ko aka ga kifi ya yi sanyi, a rage ko a tsallake. Yunwar yini guda ba ta kashe tarwaɗa. Yawan kifin ma a daidaita shi da ruwan da ake iya canzawa, domin cunkoso ne uwar matsalar a mafi yawan tankunan gida.

Wajen canza ruwa, na ƙasa ake fitarwa, inda dattin ya kwanta, ba na sama ba. Tankin da aka yi wa gangare zuwa bututun fitarwa ya fi sauƙin sha'ani. Canza kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku a kai a kai ya fi a bari sai ya lalace a juye duka, wanda ke firgita kifi. Rumfar zana ko raga da ta rufe rabin tanki tana rage haske da zafi tare. Ramin ƙasa kuma a ɗaga masa gaɓa, kada ruwan sama ya wanko masa takin gona ko na turke. Mai zare a kwashe ta da manjagara tun tana ƙarama, a kai ta nesa ta bushe. Bayan kamu a zubar da ruwa, a kwashe laka, a bar ƙasan ya tsage a rana kafin a sake cikawa.

A manyan ramuka, karfasa ita ce mai sharar da masu akwatin gilashi ke nema a wurin dodon koɗi. Tana cin gansakuka, tarwaɗa kuma tana rage mata 'ya'ya kada su yi yawa, mai rami ya sami kifi iri biyu. Kainuwa ma tana shan abincin da ke ruwa, amma sai an killace ta a kusurwa da gora ana kwashewa, in ba haka ba ta rufe tafkin ta zama sabuwar matsala. Idan kuwa aka wayi gari kifi na lasar sama, abin gaggawa shi ne a tsayar da abinci, a tada injin ban-ruwa ya riƙa feso ruwa sama yana faɗowa, a shigo da sabo.

Ruwan da aka fitar kada a sake shi kwata. Taki ne tsagwaronsa, kuma alayyafo da tumatir da albasa da masara suna maraba da shi. Mai tafki da ke da lambu a gefe ya rage kuɗin takin zamani, ya kuma hana dattinsa isa kogi. Sharaɗin kawai shi ne kada ya zama ruwan mai fentin nan ne za a watsa wa ganyen da ake ci ɗanye.

Kogin da kowa ke sha

Abin da ke faruwa a tanki shi ke faruwa a kogi, sai dai a can masu zuba abincin sun fi dubu. Ruwan da ke isowa Wudil ya riga ya biyo ta gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura, inda ake watsa yuriya da NPK, ya kuma karɓi abin da masana'antun Challawa da Sharaɗa da magudanun birni suka sako. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun kawo noman rani da ruwan sha, amma sun canza halin kogin. A da yakan yi ambaliya mai wanke komai da damina, ya janye da rani. Yanzu ruwa na tafiya a hankali shekara duka. A can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, wannan sauyi ne ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama mafakar jan-baki. Kacala ba gansakuka ba ce, amma abin da ya gayyato su ɗaya ne: ruwa mai kwanciya, mai ƙoshi.

Garin da ke da kasuwar shanu ya kamata ya fi kowa kula da koren kumfa a kududdufi. Rahoton kimiyya na farko kan gubar gansakuka, wanda George Francis ya rubuta a 1878, a kan dabbobi ne da suka mutu bayan sun sha daga Tafkin Alexandrina a Ostireliya. A 2020 giwaye sama da 300 sun mutu a Botswana, hukumomin ƙasar suka ɗora alhakin a kan wannan guba. Mutane ma ba su tsira ba. A 1996, a garin Caruaru na Brazil, majinyata fiye da 50 sun rasu bayan an yi musu wankin ƙoda da ruwan da ke ɗauke da ita. A 2007 gansakukar Tafkin Taihu ta hana mutanen birnin Wuxi na ƙasar Sin ruwan famfo na kwanaki, a Agustan 2014 kuma aka hana kusan mutum 400,000 a Toledo ta Amurka shan ruwan famfonsu har kwana uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar mafi shaharar gubar a maikrogram 1 cikin lita guda ta ruwan sha. Tafasa ruwa ba ya kashe ta. Saboda haka makiyayi ya kauce wa ruwan da ya yi fenti a sama, uwa ta hana yara wanka a ciki, kuma kifin da aka tsinta matacce a irin wannan wuri kada ya shiga kasuwa.

Wudil tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: jami'ar kimiyya da fasaha a cikin gari, wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Auna oksijin da fosfaros a ruwa ba aiki ne mai tsada ba. Da ɗalibai za su riƙa ɗiban ruwa a ƙarƙashin gada da manyan kududdufai kowane wata, a riƙa sanar da sakamakon ga Sarkin Ruwa da shugabannin kara da ƙungiyoyin masu kiwon kifi, da an san lokacin da ruwa ya fara ƙoshi tun bai yi kore ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ita ke da ikon sakin ruwa daga madatsu, hukumomin muhalli su ke da ikon tilasta wa masana'antu tace dattinsu. Mai tanki a tsakar gida kuwa ikonsa yana kan kwanon da yake auna abinci da shi da kuma inda yake juya bututun fitar da ruwa, kuma daga nan ne gyaran ya fi saurin farawa.